Zanen da Za a Iya Ɗinkawa: Tarken Ayyukan Anaïs Toudouze (1822–1899) a Mujallun Yayi na Faransa

Tsakure

Anaïs Toudouze na cikin waɗanda suka fi daɗewa suna zana suturar mata a mujallun Faransa na ƙarni na 19. Duk da haka, tarihin fasahar zane bai cika tunawa da ita da abokan sana'arta ba, sai idan ana neman bayyana inda wasu mashahuran masu zane maza suka samo tsarin hotunansu. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwarta da sana'arta, sannan ta yi tarken zane-zanenta bisa aikin da aka ɗora musu tun farko, wato nuna wa mace tufar da za ta iya kai wa maɗinkiya ko ta ɗinka da kanta. An yi amfani da rabe-raben sutura guda uku na Roland Barthes a matsayin madubin nazari. Maƙalar ta gano cewa abubuwan da ake lissafawa a matsayin raunin zanenta, kamar sandarewar tsayuwa da kamannin fuskoki, dabaru ne na warware matsalolin sana'ar. Ta kuma nuna cewa raunin na gaskiya yana wani wuri daban: zanen ya share hannuwan da suka yi ɗinkin da waɗanda suka shafa launin.

Fitilun Kalmomi: zanen yayi, Anaïs Toudouze, mujallun mata, sutura, tarke, Faransa

1.0 Gabatarwa

A ƙarni na 19, macen da ke zaune a wani ƙaramin gari a Faransa, ko a Landan, ko a biranen Amurka, ba ta da hanyar sanin abin da ake yayi a birnin Paris da ta wuce wata takarda mai launi da ke zuwa a tsakiyar mujalla. A kan takardar akwai mata biyu ko uku a tsaye cikin ado, wani lokaci da yara. A ƙasanta akwai sunan mujallar da adireshinta da sunan shagon ɗinkin da ya yi tufafin. A kusurwa kuma, da ƙananan haruffa, akwai sunan wanda ya yi zanen. Ɗaya daga cikin sunayen da suka fi yawan bayyana a wannan kusurwa, daga shekarun 1840 har zuwa ƙarshe-ƙarshen ƙarnin, shi ne na Anaïs Toudouze.

Mutanen da suka ga aikinta a zamaninta sun ninka waɗanda suka taɓa shiga zauren baje kolin zane. Amma yawan masu kallo bai sama mata gurbi a littattafan tarihin fasaha ba. Tambayar da wannan maƙala ta sa gaba ita ce: da wane ma'auni ya kamata a auna irin wannan aiki? Amsar da take bayarwa ita ce, an daɗe ana auna shi da ma'aunin aro, lokacin da aka yi watsi da shi da kuma lokacin da aka waiwaye shi, kuma dukkan hukuncin biyu sun kauce wa abin da zanen yake yi.

1.1 Ma'anar Zanen Yayi

A wannan maƙala, "zanen yayi" na nufin hoton da aka zana da hannu, aka sassaƙa shi a kan farantin ƙarfe ko aka ɗora shi a kan dutsen ɗab'i, aka buga kwafinsa da yawa, sannan aka shafa masa launi, domin nuna suturar da ake yayi ko ake shirin yayi. Ya bambanta da hoton mutum, domin matan da ke cikinsa ba wasu sanannun mutane ba ne. Ya kuma bambanta da zanen mai ƙirƙirar sutura, domin mai zanen yayi ba ita ke ƙirƙiro rigar ba. Shagunan ɗinki ne ke samar da samfuri, ita kuma ta mayar da shi hoton da zai yi tafiya.

1.2 Ra'i da Hanyar Nazari

A littafinsa *Système de la mode* (1967), Roland Barthes ya raba suturar da mujalla ke gabatarwa gida uku: tufar da ke cikin hoto, da tufar da ke cikin rubutun bayani, da tufa ta zahiri wadda aka yanka aka ɗinka. Shi ya mayar da hankali ne a kan tufar rubutu, kuma mujallun da ya nazarta na ƙarshen shekarun 1950 ne. Wannan maƙala ta ari rabe-raben kaɗai, ta karkata su zuwa ga tufar hoto. Dalili kuwa shi ne, a zamanin Toudouze alaƙar tufafin uku ta fi ta zamanin Barthes ƙarfi: yawancin mata ba sa sayen riga ɗinkakkiya, don haka hoton da bayaninsa su ne jagorar almakashi. An dogara da abin da ya tabbata na tarihin rayuwarta da kuma sigogin da ke maimaituwa a zane-zanenta da ke ajiye a gidajen tarihi da ɗakunan karatu.

2.0 Rayuwarta

2.1 Gidan Colin

An haifi Adèle-Anaïs Colin a shekarar 1822. Mahaifinta, Alexandre-Marie Colin (1798–1875), mai zane ne da ya yi karatu a hannun Girodet, kuma aboki ne ga Eugène Delacroix. A gidansa 'ya'yansa mata suka koyi riƙon alƙalami da buroshi. Uku daga cikinsu sun shahara a zanen yayi da sunayen aurensu: Héloïse Leloir, da Anaïs Toudouze, da Laure Noël. Masana tarihin sutura irin su Vyvyan Holland (1955) da Valerie Steele (1988) sun ambace su a sahun gaba na wannan sana'a, tare da Jules David wanda ya daɗe yana yi wa mujallar *Le Moniteur de la Mode* aiki.

Koyon zane a gida shi ne kusan ƙofa ɗaya tilo da ke buɗe wa 'ya mace a lokacin. Babbar makarantar fasaha ta gwamnati da ke Paris, wato École des Beaux-Arts, ba ta fara karɓar mata ba sai a 1897, shekara biyu kafin rasuwar Toudouze. Mata na iya kai aikinsu Salon, wato baje kolin zane na hukuma, amma an tauye musu damar nazarin surar jikin ɗan Adam daga mutum mai rai. Wannan nazari kuwa shi ne ginshiƙin zanen tarihi, wanda hukumomin fasaha suka ɗora a saman kowane irin zane. Abin da ya rage wa mata shi ne furanni, da ƙananan hotunan fuska, da fentin ruwa, da koyarwa, da aikin mujallu. Ke nan shigar 'ya'yan Colin zanen yayi ta faru ne a cikin da'irar da wasu suka shata musu.

2.2 Aure, Takaba da Sana'a

Anaïs ta auri Gabriel Toudouze, mai zayyana gine-gine kuma masassaƙin farantin ɗab'i. Ya rasu a 1854, ya bar ta tana da shekara 32 da ƙananan yara uku. Wannan lamari yana da muhimmanci ga tarke, domin yana bayyana yanayin da aka yi aikin a cikinsa. Zanen yayi aiki ne na mako-mako da wata-wata, mai wa'adi, wanda ake biya a kan abin da aka miƙa. Irin wannan aiki mace mai goyo za ta iya yin sa a cikin gida. Sunanta ya bayyana a mujallu da dama, cikinsu har da *Le Follet* da *Magasin des Demoiselles* da *Le Conseiller des Dames*, sannan daga baya *La Mode Illustrée*, wadda maɗaba'ar Firmin-Didot ta fara fitarwa a 1860 ƙarƙashin editancin Emmeline Raymond.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗanta Gustave ya zama marubucin ƙagaggun labarai, Édouard ya zama mai zane, 'yarta Isabelle kuma ta gaji sana'ar uwar, inda daga baya take sa hannu da sunan Isabelle Desgrange. Amma gadon bai rabu daidai ba. A 1871 Édouard ya ci gasar Prix de Rome, babbar lambar da gwamnatin Faransa ke bai wa matashin mai zane, wadda ke kai shi birnin Rum ya zauna ya ƙaro ilimi. Ba a yarda mata su shiga wannan gasa ba sai a 1903. Gida ɗaya, baiwa ɗaya, amma ɗa ya nufi Rum, 'ya ta nufi teburin mujalla. Toudouze ta rasu a 1899.

3.0 Yadda Ake Samar da Zanen Yayi

Kafin a yanke wa zanen hukunci, wajibi ne a san hannuwan da yake bi. Da farko shagon ɗinki zai ba da riga ko bayaninta. Mai zane za ta tsara hoton, ta yi shi da fentin ruwa. Masassaƙi zai kwafe layukan a kan farantin ƙarfe. Maɗaba'a za ta buga shi baƙi da fari. Daga nan sai ya isa hannun masu shafa launi, waɗanda galibinsu mata ne, su bi kowace takarda ɗaya bayan ɗaya suna kwaikwayon launin asali. A *La Mode Illustrée*, wadda ofishinta ke lamba 56 a titin Jacob, bugun da ya fi tsada shi ne ke zuwa da zane mai launi, mujallar kuma tana ɗauke da bayanin tufafin da samfuran yanka. A ƙasan zanen akan rubuta sunan mai shagon, kamar Madam Bréant-Castel, wadda sunanta ya yawaita a can.

Wannan jeri ya ɗora wa mai zane sharuɗɗa uku. Na farko, layinta ya zama tsaftatacce yadda masassaƙi zai iya binsa ba tare da ya yi hasashe ba. Na biyu, iyakar kowane launi ta fito fili yadda mai shafawa da ke sauri ba za ta ɓata ba. Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, maɗinkiyar da ba ta taɓa ganin rigar ba ta iya fahimtar ginin ta daga hoton. Duk tarken da ya manta da waɗannan sharuɗɗa zai ɗauki biyayya ga sana'a a matsayin ƙarancin basira.

4.0 Tarken Zane-zanen

4.1 Tsarin Tsayuwa

Tsarin da ya fi yawa a aikin Toudouze shi ne na mata biyu, ɗaya ta fuskanci mai kallo, ɗaya ta ba da baya ko ta karkata. Mai kallon da ya saba da zanen baje koli zai ga kamar matan ba su san da juna ba, kamar an dasa su ne. Amma riga tana da gaba da baya, takarda kuma fuska ɗaya gare ta. Juya mace ɗaya ita ce hanyar nuna yadda tattara ta zauna a ƙugu, da inda kintinkiri ya ɗaure, da tsawon jelar siket. Haka nan ɗaga hannu zuwa ga fure ko labule yana buɗe hannun riga ya nuna yankansa. Zama a kan kujera yana nuna yadda yadin ke karyewa.

Gwanintar Toudouze tana cikin yadda take sama wa kowace irin wannan larura dalili na rayuwa. Wadda ta ba da baya tana duba madubi ne, ko tana leƙa lambu daga baranda, ko ta sunkuya tana gyara wa yarinya hula. Wadda ta miƙa hannu tana karɓar wasiƙa ne ko tana buɗe kundin hotuna. Ta haka buƙatar maɗinkiya take sajewa da ɗan guntun labari, mai karatu ta samu darasin ɗinki ba tare da ta ji ana koyar da ita ba. A nan ya kamata a nemi bambancin gwani da ɗan koyo a wannan sana'a: a zanen da bai nuna ba, jiki yana murɗewa ba gaira ba dalili, a zanen da ya nuna, motsin da ya bayyana ɗinki shi ne motsin da mutum zai yi da ma can.

Batun kamannin fuskoki ma haka yake. Matan zanenta kusan fuska ɗaya gare su: doguwa kaɗan, ƙaramin baki, ido a lumshe ko a sunkuye, kafaɗu masu gangara, ƙananan hannuwa. Wannan salo ne na zamanin baki ɗaya, kuma yana da aikin da yake yi. Fuska mai hali na musamman tana janye ido daga riga, tana kuma sanar da mai kallo cewa rigar ta wata ce. Fuskar da ba ta kowa ba ce ke barin gurbi ga mai karatu ta saka tata.

4.2 Yadi, Launi da Sauyin Siffa

Toudouze ta yi aiki a tsawon lokacin da siffar suturar mata ta sauya sau da dama. A 1856 aka fara yayin kirinolin na ƙarfe, wani keji mara nauyi da ake ɗaurawa a ƙugu domin ya buɗe siket kamar ƙararrawa. A shekarar ce kuma William Perkin ya gano rinin shunayya na sinadari a Ingila, wanda ya buɗe ƙofar launuka masu kaifi da arha. A 1858 Charles Frederick Worth ya buɗe shagonsa a titin La Paix. Zuwa ƙarshen shekarun 1860 faɗin siket ya koma baya, aka shiga yayin tudun da ake ɗaurawa a bayan ƙugu, daga baya riga ta matse jiki har zuwa cinya, sannan tudun ya sake dawowa a shekarun 1880.

Kowane sauyi sabuwar matsala ce ta tsara hoto. Siket mai kirinolin yana cinye faɗin takarda, har mata biyu su cika ta, don haka sai mai zane ta sa gefen ɗaya ya ɗan shiga bayan ɗaya ba tare da ya rufe adon da ake son nunawa ba. Da yayi ya koma baya, kallon gaba ya rasa amfani, tsayuwar gefe ta zama dole. Wanda ya jera zane-zanenta shekara bayan shekara zai ga matan suna juyawa a hankali, kamar yadda nauyin yadin ke juyawa.

Haka kuma dole hoton ya faɗi irin yadin, domin farashi da zubin riga sun dogara a kansa. Ta bambanta siliki mai ƙyalli da karan-miski mai shanye haske, da ulu mai nauyi, da leshi mai huda-huda, ta hanyar kaurin layi da yanayin inuwa da yadda naɗi ke faɗuwa. Bisa rabe-raben Barthes, tufar rubutu tana iya ambaton sunan yadi da adadin layukan geza, amma ba ta iya nuna yadda rigar za ta zauna a jiki idan an gama. Wannan gurbi tufar hoto ce kaɗai ke cike shi, kuma a kansa mai karatu za ta yanke shawarar kashe kuɗinta.

4.3 Duniyar Mata

Wuraren da matan suke tsaye ba su da yawa: falo, da lambu, da baranda, da gaban fiyano, da bakin teku, da zauren rawa. Maza ba su cika bayyana ba. Abin da ake gani shi ne mata tare da mata, da uwa tare da 'ya'ya. Sharon Marcus (2007) ta ja hankali ga cewa irin waɗannan hotuna an yi su ne domin idon mata, kuma a cikinsu mata ke kallon mata. Wannan ya raba su da yawancin zanen baje koli na zamanin, inda ake tsara surar mace domin namiji mai kallo.

Muhallin yana da aiki na biyu. Yana sanar da mai karatu lokaci da wurin da ya dace a sa rigar: ta safe ce, ko ta ziyara, ko ta yawo, ko ta dare. Ga matar ɗan kasuwa ko ta ma'aikacin da ya fara samun wadata, wadda ba ta tashi cikin waɗannan ƙa'idoji ba, kuskure a nan abin kunya ne a bainar jama'a. Saboda haka labule da kujera da tukunyar fure da ke bayan hoton suna cikin darasin. Zanen yana koyar da ɗinki, yana kuma koyar da matsayi.

4.4 Abin da Zanen Ya Ɓoye

Adalcin tarke bai tsaya ga kare mai zane ba. Akwai raunin da ba za a iya jingina shi ga larurar ɗab'i ba. Duniyar da Toudouze ta zana duniya ce da ba a aiki a cikinta. Rigar da ke ɗauke da layi a kan layi na tattara da geza ta ci kwanakin wata maɗinkiya, amma a hoton sai ta bayyana kamar ta tsiro ne a jikin mai ita. A 1861, shekara ɗaya bayan fitowar *La Mode Illustrée*, Jules Simon ya wallafa *L'Ouvrière*, inda ya bayyana ƙuncin da mata ma'aikata ke ciki a Faransa, har da masu aikin allura. Littafin da mujallar suna magana ne a kan riga ɗaya, kowanne daga ɓangarensa.

Haka tarihi ma ba ya samun shiga. Sojojin Jamus sun yi wa Paris ƙawanya daga Satumbar 1870 zuwa Janairun 1871, sannan aka murƙushe gwamnatin 'yan tawayen birnin cikin jini a watan Mayun 1871. Wanda ya ajiye zanen yayi na 1869 kusa da na 1872 zai ga siket ya sauya, amma da wuya ya gane cewa birnin ya sha yunwa a tsakani.

Ɓoyewar ta shafi takardar kanta. Ana rubuta sunan mai zane da na mai shago da na maɗaba'a, amma ba a rubuta sunan matan da suka shafa launi ba, alhali launin ne ke sa a sayi bugun mai tsada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Toudouze tana tsakiyar wannan tsani: tana ƙasa da ɗanta mai lambar Rum, tana sama da mai shafa launin da ba ta da suna. Ita kanta mace ce mai neman abinci da hannunta, wadda sana'arta ita ce zana matan da ba sa neman abinci da hannunsu. Wannan saɓani yana cikin ma'anar aikin, kuma tarken da ya tsallake shi don ya ɗaukaka ta bai cika ba.

5.0 Ma'aunin Aro

A ƙarshen 1863 jaridar *Le Figaro* ta buga maƙalar Charles Baudelaire mai suna *Le Peintre de la vie moderne*. Marubucin ya fara ne da duba wasu tsofaffin zane-zanen yayi, ya kafa hujja da su cewa kowane zamani yana da kyawunsa, kuma wajibi ne mai zane ya kama shi. Amma da ya zo zaɓen gwarzon da ya cika wannan sharaɗi, sai ya zaɓi Constantin Guys, namijin da ke yawo a tituna da wuraren shaƙatawa da fagen yaƙi yana zana abin da ya gani. Irin wannan yawo ba ya samuwa ga matar da ke kare mutuncinta a Paris ta lokacin. Ma'anar "zamani" da Baudelaire ya gina ta samo tushe daga zanen yayi, sannan ta rufe ƙofa ga matan da ke yin sa a makon da maƙalar ta fito.

Masu zanen da suka biyo baya sun ɗebi abin da suke so daga wannan rijiya. A hoton Claude Monet mai suna *Femmes au jardin* (1866), wanda Salon ya ƙi karɓa a 1867, mata huɗu ne a lambu cikin fararen riguna, an baza siket, kowacce tana fuskantar wani ɓangare, tsarin da manazarta suka daɗe da danganta shi da zanen yayi. Paul Cézanne ya wuce nan: a wajejen 1870 da 1871 ya ɗauko tsarin hotunansa biyu, *La Conversation* da *La Promenade*, kai tsaye daga zane-zanen *La Mode Illustrée*, mujallar da 'ya'yan Colin ke cikin manyan masu yi mata zane. Baje kolin da gidan tarihi na Orsay ya shirya a 2012 a kan alaƙar waɗannan masu zane da yayi, wanda ya zarce New York da Chicago a 2013, ya ƙara fito da wannan dangantaka.

Ta wannan ƙofa ce zanen yayi ya dawo cikin zancen masana, kuma a nan matsalar take. Idan darajar zanen ita ce Cézanne ya kwafe shi, to darajar ta Cézanne ce, an ba wa zanen aro. Kwatanta ayyukan biyu yana nuna cewa manufarsu ta sha bamban. Cézanne ya kaurara fenti, ya dagula iyakoki, ya narkar da adon riga cikin shafin buroshi. Abin da ya zubar shi ne ainihin abin da ake biyan mai zanen yayi ta kiyaye. Ba maɗinkiyar da za ta iya yanka riga daga hotonsa, shi ma bai yi nufin haka ba. Auna ɗaya da ma'aunin ɗaya zalunci ne ga duka biyun.

Akwai wani misali mai ƙarin haske. A 1874 mawaƙi Stéphane Mallarmé ya fitar da mujallar yayi mai suna *La Dernière Mode*, wadda ba ta wuce 'yan watanni ba, inda ya riƙa rubutu da sunayen mata na aro. An yi ta nazarin wannan ɗan taƙaitaccen aiki, saboda sunan mai shi. Matan da suka shafe shekaru gommai suna wannan sana'a da sunayensu na gaskiya ba su samu kwatankwacin kulawar ba. Linda Nochlin (1971) ta nuna cewa amsar ƙarancin manyan mata masu zane tana cikin tsarin cibiyoyin horarwa da karramawa. Tarihin Toudouze ya ƙara wani abu a kan wannan: tsarin da ya hana mata shiga babban fage shi ne kuma ya yanke hukuncin cewa fagen da aka bar musu ƙarami ne.

Ko adana kayan tarihin ma ya bi hanyar gida. Maurice Leloir (1853–1940), ɗan Héloïse, shi ya kafa ƙungiyar tarihin sutura ta Faransa a 1907, kuma tarin tufafin ƙungiyar da aka miƙa wa birnin Paris shi ya zama harsashin gidan tarihin sutura da ke fadar Galliera a yau.

6.0 Kammalawa

Toudouze ta rasu ne a daidai lokacin da sana'arta ke gab da sauya kama. Dabarun buga hoton kyamara a takarda sun inganta, kuma a 1901 mujallar *Les Modes* ta fito tana dogaro da hotunan mata na zahiri sanye da tufafin manyan shaguna. Da zanen yayi ya sake tashi a hannun Paul Iribe a 1908 da Georges Lepape a 1911, ya tashi ne da wata manufa: isar da yanayi da ɗanɗano, ba bayanin ɗinki dalla-dalla ba. Masu wannan sabon salo an karɓe su a matsayin masu fasaha cikin sauƙi.

Wannan maƙala ta nuna cewa zanen Toudouze yana da ma'auninsa: ko ya bayyana ginin riga, ko ya faɗi irin yadi, ko ya jure hannun masassaƙi da na mai shafa launi, ko ya yi duk wannan a cikin hoton da ido zai so ya tsaya a kansa. A kan wannan ma'auni ta cancanci matsayin da masana tarihin sutura suka ba ta. A kan ma'aunin gaskiyar zamantakewa kuwa, zanen ya nuna mai saye ya ɓoye mai ɗinki. Nazarin da ke gaba zai amfana idan ya kwatanta zanen fentin ruwa na asali da bugun da ya fito daga maɗaba'a, domin a tantance abin da ya fito daga hannunta da abin da sauran hannuwan suka ƙara ko suka rage.